Yadda Muka Taya Adda Barin Suga

Mu uku ne a ɗakin ajiye fayil na ma'aikatarmu a Jalingo: ni, da Adda, da Madam. Teburanmu a jere suke, fanka ɗaya muke rabawa, wadda ba ta juyawa sai an zungure ta da rula. Adda Bafulatana ce daga Mayo Gwoi, ta girme mu duka, doguwa, siririya, ba ta da yawan magana. Idan ta sauke tabarau kan hanci ta dube ki, sai ki fara tuno laifin da kika yi bara. Madam 'yar Mumuye ce, gidanta can Nukkai, ƙaƙƙarfa mai jiki, ita ke ba da waƙa a cocinsu, dariyarta kuwa har ofishin darakta ana ji. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ni kuma a Yelwa aka haife ni, kakana ya zo daga Zariya da keken ɗinkinsa bai koma ba. Madam ce ta laƙaba mini Hajiya tun ranar da na fara aiki, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Sunan ya zauna, har darakta da shi yake kirana.

Gaskiya ba aiki ne ya haɗa mu ba, ci ne. Da ƙarfe goma ta yi sai mu tura ƙofa, mu ture fayil gefe, kowa ta buɗe kularta. Ni ce mai kawo masa, daga wurin wata Iya da ke suya a bayan layinmu. Madam ke kawo soyayyar doya da yaji, ko fanke. Adda kuwa shayi ne nata, a wani babban filas ja, shayin da cokali zai iya tsayawa a cikinsa don suga da madara. Shekaru muka yi a haka, ba wadda ta taɓa tambayar jikinta ko yana so.

Wata Litinin Adda ta shigo babu filas. Ta zauna, ta jawo fayil, ta buɗe shi a juye, ta zuba masa ido kamar tana karatu.

Na ce, "Adda, lafiya? Ina shayinmu?"

Ta ce, "Babu shayi. Na je asibiti ranar Juma'a. Likita ya ce suga ne."

Ta lissafa mana abubuwan da aka hana ta, ya zama kusan duk abin da ke sa mutum ya yi murnar wayewar gari. Aka kuma ce ta riƙa tafiya da ƙafa kullum har sai ta yi gumi. Tana faɗa tana kallon farcenta. Ban taɓa ganin Adda ta ƙanƙance haka ba, sai tausayi ya kama ni, ni kuwa in tausayi ya kama ni bakina riga kaina yake yi.

Na ce, "Adda, ba ke kaɗai ba ce. Daga yau duk abin da aka hana ki an hana mu. Mun bar suga, mun bar masa, mun bar shiga keke. Da ƙafa za mu riƙa zuwa ofis, mu uku."

Madam ta waigo ta dube ni kamar na sayar da gonarta. Amma da ta ga idon Adda ya kawo ruwa, sai ta dafa ƙirji ta ce, "Haka ne. Ni ma na bari. Allah yana gani."

Adda ta ce, "Useko, na gode. Allah ya bar zumunci." Ta goge ido da gefen mayafi.

Muka tsara abin. Da yake Nukkai da nisa, aka yarda Madam ta hau keke zuwa gadar Mayo Gwoi, nan za mu haɗu, daga nan kuma sai ƙafa har ofis. Na sayi kambas fari fat a kasuwa. Maigidana ya gan ni ina gwadawa a tsakar gida da zane da ɗankwali, ya tambaye ni wace ƙungiya ce ta saye ni, kuma lamba nawa zan buga. Ban kula shi ba.

Makon farko mun yi abin kirki, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Muna tafe muna hira, muna gaisawa da masu kai doya kasuwa, muna isa ofis jiƙe da gumi. Ƙarfe goma kuma mu buɗe kula mu tarar da dafaffen wake, ko kwaɗon zogale, ko faten acha da Madam ta koya mana. Shayi ba suga, mai ɗaci kamar an jiƙa ƙusa. Mu kurɓa mu ce, "Kai, ashe haka ma ya fi daɗi," kowa tana kauce wa idon 'yar'uwarta.

A mako na biyu aka fara samun matsala. Adda dai jikin kiwo gare ta, da ta saba sai ta fara zuba sauri, mu kuwa muna baya muna haki. Ta tsaya ta jira mu, ta sake yin gaba, ta sake tsayawa. Rannan na ce mata, "Adda, muna ɓata miki tafiya. Likita gumi ya ce ki yi, ba jira ba. Kowa ta taho da saurinta, mu haɗu a gindin mangwaron nan na kusa da ƙofar ofis, mu shiga tare."

Wallahi lokacin da na faɗi haka da zuciya ɗaya na faɗa. Washegari ne shaiɗan ya same ni.

Na fito daga gida, iska ta kwaso ƙanshin masar Iya ta watsa mini a fuska. Na ce bari dai in biya mu gaisa, kada ta ga na ɗauke ƙafa ta zaci fushi nake. Na gaishe ta. Ta ce kwana biyu. Na ce aiki ne. Tana magana tana juya masa a tanda, gefen nan ya yi ja, yana ƙyalli. Ban san lokacin da na tsuguna a bayan zananta ba da kwano a hannu. Da na gama na duba agogo, na ga in na ce da ƙafa zan tafi sai an tashi daga aiki zan isa. Sai na tsayar da keke.

Daga ranar na samu tsari. In ci masa a bayan zana, in tauna kanumfari don kashe ƙanshi, in hau keke, in sauka a kwanar da ke kafin mangwaro inda ba a hango ni. In sayi ruwan leda in yayyafa a goshi da wuya da bayan riga, sannan in ɓullo ina jan ƙafa ina cewa, "Wash! Yau rana da wuri ta fito." Adda ta dube ni da tausayi ta ce, "Sannu ƙanwata, duk saboda ni." In ce, "Haba Adda, mene ne a ciki." Jim kaɗan Madam ta ɓullo ita ma tana huci kamar ta yi dambe, ta jingina da mangwaro ta ce ƙafarta za ta cire. Ni har kunyar Madam nake ji, ina cewa a raina ga baiwar Allah mai jiki tana cika alkawari, ni kuwa ina ha'inci.

Mun fi wata guda a haka. Adda tana ramewa tana ƙara haske, ni kuwa zanena ya fara ƙin zagayowa. Na ce mata ai wasu haka jikinsu yake, in sun fara motsa jiki sai sun kumbura tukuna kafin su sace. Ta ce ikon Allah.

Ranar da asiri ya tonu Talata ce. Na makara, don haka ban tsaya ci a wurin Iya ba, na ce ta ƙulle mini a leda, na cusa a jaka, da niyyar in lallaɓa bayan ofis in ci. Na tare keken wani dattijo mai furfura da yakan ɗauke ni, mutum mai surutu kamar rediyo. Muna wuce gada kaɗan sai ya rage gudu zai ɗauki fasinja. Wata mata ce ta juya baya, tana tura wani abu a baki da sauri. Ta sunkuyo za ta shiga, muka yi ido huɗu.

Madam ce. Kumatunta cike da fanke, kwalbar lemo a hammata.

Ta tsaya ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Da ƙyar ta haɗiye ta ce, "Hajiya! Kai ne?"

Na ce, "Ni ce. Ke kuma fa?"

"Yau kawai. Ƙafa na yana ciwo."

Dattijon ya waigo ya ce, "Wane yau kawai, Madam? Ba jiya ma ni na kai ki ba?"

Sai dariya ta ƙwace mana. Muka yi ta yi har da hawaye, muna dukan cinyar juna. Na nuna mata ledar masa, ta nuna mini sauran fanke. Na gaya mata dabarar ruwan leda, ta ce ita ba ta bukata, in ta sauka gudu take yi daga kwana zuwa mangwaro, hakin nan na gaske ne. Muka yi musanye, ta ɗauki masa biyu na ɗauki fanke. Muna cikin ci Madam ta damƙe hannuna.

"Ga shi can!"

Adda ce a gefen titi, da mayafinta ruwan toka, tana zuba sauri, jaka a kafaɗa, bayanta sharkaf da gumi na gaskiya. Muka nutse a kujera. Na ja mayafi na rufe fuska, Madam ta sunkuya har goshinta na taɓa gwiwa, ko da yake mai jiki irin nata ba ta ɓuya a keke. Na ce da dattijon ƙasa-ƙasa, "Baba, don Allah taka wuta, wuce."

Ashe maƙwabcin Adda ne. Sai ji muka yi ya taka birki daidai inda take.

Ya gaishe ta da Fulatanci ya ce, "Adda, a wali jam? Haba, mace kamarki da tafiyar ƙasa? Shigo mana, ga mutanen ofishinku a ciki. Ai kusan kullum ni ke kai su."

Na ɗaga gefen mayafi kaɗan. Adda ta sauke tabarau kan hanci. Ta dube ni, ta dubi masar da ke hannuna wadda na gatsa rabi, ta dubi kwalbar da Madam ke ƙoƙarin turawa ƙarƙashin cinya. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Jam, lafiya lau. Ku je, ina tafe."

Ba a taɓa yin tafiyar keke mai tsawo irin wannan ba. Dattijon yana ta ba mu labarin kirkin Adda. A gindin mangwaro muka tsaya kamar ɗaliban da aka kora daga aji. Da ta iso muka fara ba da haƙuri tare, kowa na ɗora wa 'yar'uwarta. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ba komai. Ciwon ai nawa ne. Mu shiga, lokaci ya yi." Ƙarfe goma ta buɗe kula ta raba mana zogale kamar kullum. Har hira ta yi. Da muka tashi Madam ta ce mini, "Ka gani? Adda mutumin kirki ne. Ya wuce." Na ce Allah ya sa.

Kwana biyu na daure. A na uku na ce tunda an riga an sani, ɓoyon me kuma? Na nufi wurin Iya na miƙa kwano. Ta dube ni, ta aje cokalin juyi, ta kama haɓa.

"Ashe haka abu ya faru, ba ki faɗa mini ba? Sannu 'yar nan. Allah ya ba ki lafiya."

Na ce, "Lafiyata ƙalau, Iya. Zuba mini."

Ta ce, "Ni? Ba da hannuna ba. Wata doguwar Bafulatana ta zo jiya har nan, ta yi mini bayanin komai. Ta ce likita ya hana. In kashe ki in ce wa mahaifiyarki me?"

Na yi rantsuwa, na yi magiya, Iya ta ce ai masu wannan ciwon haka suke, kwaɗayi ke kai su. Matan da ke jiran masa suka sa baki, wata ta ce in riƙa shan ruwan shuwaka, wata ta ce kawunta haka ya yi ta musu. Na bar wurin da kwanona wayam.

Na fito titi na ɗaga wa keke hannu. Na farko ya rage gudu, ya leƙo, ya ce, "Hajiya, a daure dai, tafiyar ita ce maganin," ya wuce. Na biyu ya ɗaga mini babban yatsa. Na uku dattijon nan ne, ya ce, "Adda ta hana! Ta ce duk wanda ya ɗauke ku alhakin a wuyansa." Ashe ta bi ta wurinsa, shi kuma ya bi tashar masu keke ta unguwarmu da ta bakin gada, ya ba da kamanninmu: mai farin kambas da zane, da kuma mai jikin nan mai dariya. Rannan da ƙafa na je ofis, da yunwa, gumin kuwa bai bukaci ruwan leda ba.

Abin bai tsaya nan ba. Kafin ƙarshen mako duk layinmu an ji. In na fito sai "ya jiki?" ta ko'ina. Ƙanwar maigidana ta zo takanas da ƙullin garin magani da damin shuwaka, ta zauna ta ga na sha kofi guda a gabanta. Na nemi gwangwanin suga a kicin na rasa. Na tambayi maigidan, ya ce shi bai san komai ba, amma ya bi ni da ido yana danne dariya, na gane da shi aka haɗa baki. Madam kuwa nata ya fi nawa. Ranar Litinin ta shigo ko gaisuwa babu, ta jefa jaka kan tebur.

"Adda! Me ka je ka faɗa wa matan cocinmu? Jiya an kira sunana a gaban jama'a, an ce a yi mini addu'a! An sa ni na durƙusa! Bayan an tashi ana raba lemo, aka tsallake ni, aka ba ni ruwa!"

Adda ba ta ɗago daga fayil ba. Ta ce, "Ni ban ce kuna da suga ba. Cewa na yi likita ya hana, kuma mu uku muka yi alkawari. A ciki wanne ne ƙarya?"

Na ce, "Amma Adda, kin san yadda za su ɗauka."

"Na sani mana. Shi ya sa na faɗa haka."

Madam ta fashe da dariya, ni ma na bi, har Adda ta kasa riƙe tata, ta kife kai a kan tebur kafaɗunta na rawa. Masinja ya leƙo ya ga ko lafiya, muka kore shi.

Da dariyar ta lafa Adda ta cire tabarau tana gogewa. Ta ce, "Ba masar ce ta dame ni ba. Ku ci abinku, bakinku ne. Abin da ya dame ni, kullum in na gaji a hanya, in na ji kamar in zauna a bakin titi in yi kuka, sai in ce a'a, ga waɗancan suna wahala saboda ni, su da ba su da ciwon komai. Da wannan nake ƙarasawa." Ta mayar da tabarau, sannan ta ce, "Wannan ciwon ne ya ci ƙafar innata. Ni na yi jinyarta. Na san ƙarshensa in aka yi wasa."

Ba ta taɓa gaya mana ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Madam ta tashi ta rungume ta, ta kusa karya ta, tana cewa, "Yi haƙuri, Adda. Mu ne banza. Gobe da ƙafa, na rantse." Wannan karon ban yi dogon alkawari ba. Na ce dai masa ba zan iya barinta har abada ba, amma zan mayar da ita ta ranar Asabar, tafiya kuwa za mu koma yinta tare, in ya so Adda ta rage sauri. Ta ce ta yarda. Na ce to ta je ta warware abin da ta ƙulla a wurin Iya da masu keke. Ta ce sai ta ga kamun ludayinmu tukuna.

Muka koma haɗuwa a gada. Abin mamaki, bayan 'yan makonni sai na ji jikina ya fara sakewa, hakin ya ragu. Daga nan kuma sai rawar kai ta shigo. Wata safiya cikin damina, an sha ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, kogi ya ciko yana ja. Na ji ƙarfi a jikina, na ce da Adda yau sai na riga ta zuwa mangwaro. Ta ce in bi a hankali, ƙasa da santsi. Na ce tsoro take ji. Na tattare zane na yi gaba, ina waigowa ina yi musu gwalo, mace da 'ya'ya huɗu.

Akwai wata gwata da aka ɗora wa katako a gaban shagon wani mai walda. Na taka katakon ina waige. Ya juya. Ƙafata ta dama ta zurma, na zauna daɓas a cikin taɓo, jakata ta yi gefe, kambas ɗaya ya fice ruwa ya tafi da shi ina kallo. Na yunƙura zan tashi, wani zafi ya taso daga idon sawu har ƙwaƙwalwa. Na ƙwala ihu.

Suka iso da gudu. Madam ta fara tambayar ko na mutu, da ta ga ban mutu ba sai ta juya baya kafaɗunta na girgiza. Adda ta tsuguna ta taɓa ƙafar, ta ce targaɗe ne ko karaya, sai an kai ni asibiti. Suka ciro ni, suka zaunar a bencin mai walda. Adda ta fita titi ta ɗaga wa keke hannu.

Na farko ya rage gudu, ya hango ni da kambas ɗaya, ya hango Madam, ya ce, "An hana mu ɗaukar waɗannan!" ya ƙara wuta.

Adda ta bi shi da kira, "Ni ce na hana! Na janye!" Ina, ya yi nisa.

Na biyu ya tsaya ya saurara, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Hajiya, har da shiga taɓo don a ɗauke ki? Wannan dabarar ta yi yawa." Ya tafi yana dariya. Ina zaune ina hawaye, ga zafi ga haushi, na ce, "Adda, kin ga aikinki ko?" Ta ce, "Na gani. Ke ma kin ga naki."

Madam ta gyara ɗaurin zane, ta tsuguna a gabana ta ce, "Hau."

Na ce, "In hau ina?"

"Bayana mana. Buhun doya nawa na ɗauka a duniya? Hau, kada ka ɓata mini lokaci."

Haka aka yi. Madam ta goya ni a kan babban titi da safe, lokacin da ma'aikata ke tafiya aiki, Adda na biye da jakunkuna uku da kambas ɗaya a hannu, tana tare mini zane kada ya zame. Ina jin mutane na cewa sannu, wasu na tambaya ko haihuwa ce. Na cusa fuska a wuyan Madam na rufe ido. Ita kuwa tana tafe tana mita: "Wannan ba nauyin zogale ba ne, Hajiya. Wannan masa ne. Masa na wata guda." Mun yi tafiya mai ɗan dama kafin Allah ya kawo dattijon nan. Shi ma sai da Adda ta rantse masa da Fulatanci sannan ya yarda.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ba karaya, targaɗe ne mai kyau, aka naɗe ƙafar aka ce in kwanta mako biyu. Kullum in an tashi daga aiki sai su biyo ta Yelwa. Adda ta karɓi aikin teburina ta haɗa da nata, ba ta bari darakta ya ji komai ba sai cewa na faɗi a hanyar zuwa aiki, wanda kuma gaskiya ne. Takan zauna a bakin gado ta gasa mini ƙafar da ruwan zafi da tsumma, ta shafa man shanu, ina ihu tana cewa in yi shiru kada maƙwabta su ce yanka ni ake. Madam kuwa kicin take shigewa ta yi wa yara tuwo, ta share tsakar gida, sannan ta fito ta kwaikwayi faɗuwata a gaban duk wanda ya zo dubiya. Tana da sigar faɗuwar kala uku, kowacce ta fi ta baya muni. Surukata da ta zo daga Zariya sai da ta sa aka maimaita mata sau biyu.

Cikin kwanakin nan ne ranar komawar Adda asibiti ta zo. Madam ta raka ta. Da yamma suka shigo, tun daga zaure nake jin muryar Madam tana waƙar coci. Sugan ya sauka sosai, likita ya ce in ta ci gaba a haka ba sai an ƙara mata magani ba. Adda ta zauna a gefen gadona tana murmushi, ta kama hannuna ta riƙe. Ni ce ma na yi kukan.

Da ƙafata ta warke muka koma tafiya, da silifas mai igiya wannan karon, kuma ba na tsere da kowa. Sai da aka ɗauki watanni kafin mutanen layinmu su daina yi mini ya jiki. Akwai wata tsohuwa da har yau in ta gan ni da rake sai ta ƙwace.

Bara Adda ta yi ritaya, aka mayar da Madam wani sashe a hawa na sama, aka kawo mini wasu sababbi biyu da ba su san komai ba sai latsa waya. Amma Adda ba ta bar tafiya ba. Ta ma ƙara wa hanyarta tsawo, ta Yelwa take biyowa yanzu, da 'yar sandarta. Da an idar da sallar asuba gari ya fara haske sai in ji ƙwanƙwasa a ƙofar gida. Yawanci nakan fito. Wani lokaci kuwa, in an yi ruwa gari ya yi daɗin barci, sai in ja bargo in ce da maigidan ya je ya ce na riga na fita.

Shekaranjiya ma haka aka yi. Ina kwance ina jinsa a zaure yana cewa, "Ai kuwa Adda yanzun nan ta fita, ba ku haɗu a hanya ba?"

Ta ce, "To. Ba takalmi ta fita ke nan? Ga su nan a bakin ƙofa. Ce mata ina jira."

Na tashi na nemi zane.